Arsenal kafin kakar 2025/26: amsoshin tambayoyin magoya baya na Birnin Kebbi da kewaye

Tun da aka rufe kakar bara a watan Mayu, ba na zama a majalisa ko teburin mai shayi ba tare da wani ya tsare ni da maganar Arsenal ba. Wasu a Badariya, wasu a Gesse, wasu kuma sai dai su bugo waya daga Jega ko Argungu ko Yauri. Sun san tun zamanin Kanu nake tare da ƙungiyar nan, kuma ina rubuta sakamakon wasanninta a littafi. Yanzu, a Agustan 2025, da ya rage 'yan kwanaki a buga wasan farko, na tattara tambayoyin da suka fi yawan dawowa, na amsa su gwargwadon abin da na gani da idona da abin da ya tabbata.

Yaya, shekara uku a jere muna ƙarewa a na biyu. Ci gaba ne wannan ko tsayuwa wuri ɗaya?

Ƙanena, sai ka tuna inda aka fito kafin ka yanke hukunci. Koci Arsene Wenger ya tafi a 2018 bayan shekara 22. Unai Emery ya zo, ya kai mu wasan ƙarshe na kofin Europa a Baku, Chelsea ta yi mana 4-1, aka sallame shi a Nuwamban 2019. Mikel Arteta ya karɓi ƙungiyar a Disamban shekarar, bai taɓa riƙe wata ƙungiya a matsayin babban koci ba. Ya ci kofin FA a Agustan 2020, amma a teburin Firimiya na takwas muka ƙare, sau biyu a jere, har muka rasa gurbin kowace gasa ta Turai karon farko cikin shekara 25. Daga nan na biyar da maki 69, sai na biyu da maki 84, na biyu da 89, na biyu da 74.

Daga na takwas zuwa na biyu ci gaba ne, babu mai musun wannan. Amma daga maki 89 zuwa 74 koma baya ne, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne an taɓa yin haka. A 1999 da 2000 da 2001 Arsenal ta ƙare ta biyu a bayan Manchester United, sau uku a jere, sannan a 2002 ta haɗa kofin Firimiya da na FA. Ba na cewa dole tarihi ya maimaita kansa. Ina dai cewa ƙungiyar da ta daɗe a bakin ƙofa ta fi kusa da shiga a kan wadda take bakin titi.

Mi ya hana mu kofi bara, tunda Manchester City ta faɗi warwas?

Wani manomin shinkafa daga Argungu ne ya yi mini tambayar nan, kuma ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don haka zan daɗe a kanta.

Mutane da yawa suna cewa rashin ɗan wasan gaba ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ku dubi lissafin da kyau. Liverpool ta sha kashi sau huɗu. Arsenal ma sau huɗu. Bambancin yana wurin canjaras: su sun yi tara, mu mun yi 14. Tazarar maki goma ce, 84 da 74. Da a ce biyar daga cikin canjaras ɗin nan sun zama nasara, da maki ya zo ɗaya. Kuma ba manyan ƙungiyoyi ne suka fi cutar da mu ba. Mun yi wa City 5-1 a filinmu na Emirates a Fabrairu. Shekara biyu ke nan babu ɗaya daga cikin manyan abokan hamayyarmu biyar da ta doke mu a Firimiya. Waɗanda suka ɗauke mana maki su ne Everton gida da waje, Brighton gida da waje, Fulham, Brentford, Crystal Palace, da Aston Villa da muka ci biyu ta farke a gidanmu. Bournemouth kuwa sau biyu ta doke mu.

Me ya jawo canjaras ɗin? Abu biyu na gani. Na farko jinya. Odegaard ya ji rauni a idon sawu a Satumba yana buga wa Norway. Saka ya samu tsagewar tsokar cinya a gidan Palace ranar 21 ga Disamba, bai dawo ba sai 1 ga Afrilu. Gabriel Jesus ya ji ciwo a gwiwa a Janairu, Havertz ya bi bayansa a Fabrairu a wurin atisaye a Dubai, sannan Gabriel na baya ya fita a daren da Saka ya dawo. Har ta kai Mikel Merino, ɗan wasan tsakiya, shi ke buga lamba tara. Ya yi ƙoƙari, ya ci biyu a gidan Leicester, ya ci Real Madrid, amma an san aron hannu ne. Havertz ne ya fi kowa cin ƙwallo a Firimiya, da tara kacal.

Na biyu jan kati. Shida muka karɓa a Firimiya. Na Rice a wasan Brighton da na Trossard a gidan City duk saboda buga ƙwallo bayan an hura usur ne, kuma duka wasannin biyu muna gaba aka kore su, aka tashi canjaras. Na Lewis-Skelly a gidan Wolves daga baya an soke shi. Ina jin zafin wasu hukunce-hukuncen har yau, amma ƙungiyar da ke neman kofi ba ta ba alƙalin wasa ƙofa.

To idan ka haɗa su, ciwon ɗaya ne: benci. Duk ranar da aka kai minti 70 ana kunnen doki, sai Arteta ya waiwaya baya ya ga yara da masu jinya. Liverpool kuwa ta waiwaya ta ga wanda zai shigo ya sauya wasa. Da wannan ma'aunin nake auna duk abin da aka saya bana.

Su wa aka saya, kuma nawa aka kashe?

Zuwa yau mutum shida. Kepa Arrizabalaga, mai tsaron raga daga Chelsea, fam miliyan 5. Martin Zubimendi daga Real Sociedad, sama da fam miliyan 50. Christian Norgaard, kyaftin ɗin Brentford, wajen fam miliyan 10. Noni Madueke daga Chelsea, wajen fam miliyan 48. Cristhian Mosquera, mai tsaron baya daga Valencia, wajen fam miliyan 13. Sai Viktor Gyokeres daga Sporting ta Fotugal, wajen fam miliyan 55, da ƙarin kuɗi idan ya cika wasu sharuɗɗa. Jimilla ta doshi fam miliyan 200.

Wanda ya jagoranci cinikin shi ne Andrea Berta, ɗan Italiya da ya daɗe a Atletico Madrid. An ɗauko shi a Maris a matsayin daraktan wasanni, bayan Edu da ke riƙe da muƙamin ya ajiye aiki a Nuwamban 2024. Waɗanda suka tafi: Jorginho ya koma Flamengo a Burazil, Tierney ya koma Celtic, an raba gari da Tomiyasu saboda jinyar da ta ƙi ƙarewa, Sterling da Neto aronsu ya ƙare, Partey kuma kwantiraginsa ya cika. Kasuwa ba za ta rufe ba sai 1 ga Satumba. Ana ta kiran sunan Eberechi Eze na Palace, amma ni ɗan wasa ba namu ba ne sai na gan shi riƙe da jar riga.

Wanga Gyokeres, shi ne maganin ciwonmu?

Ɗan Suwidin ne, shekararsa 27. A kaka biyu da ya yi a Sporting ya ci ƙwallo 97 a wasa 102. A kakar bara kaɗai ya ci 39 a gasar Fotugal, 54 a dukkan gasa, kuma a Nuwamba ya zura wa Manchester City uku rigis a Gasar Zakarun Turai, ranar da Sporting ta lallasa su 4-1. An ba shi lamba 14, rigar Thierry Henry, kuma shi ya amince ya ɗauki nauyinta.

Ga abin da nake so a sani kafin a fara zaginsa a gidan kallo. Gasar Fotugal ba Firimiya ba ce. Can yana samun fili a bayan 'yan baya, ya ja ƙwallo daga gefe ya kutsa da ƙarfin ƙirji. Nan kuwa yawancin ƙungiyoyin da ke zuwa Emirates mutum goma suke jerawa a bakin ragarsu, babu filin gudu. Ya san ƙwallon Ingila, don ya buga wa Coventry a gasa ta biyu, amma a Brighton bai taɓa buga wasan Firimiya ko ɗaya ba. Ga shi kuma bai yi atisaye da Sporting ba a lokacin da ake jan cinikin, sai 26 ga Yuli aka sanar da zuwansa, don haka jikinsa bai gama kamawa ba.

Ba ƙwallo 39 nake nema a wurinsa ba. Ina neman ƙwallo ɗaya a irin ranar da muka tashi babu ci da Everton, ɗaya a irin ranar Nottingham Forest, ɗaya a minti na 85 lokacin da kowa ya gaji. Idan ya ci 18 ko 20 kuma rabinsu irin waɗannan ne, kuɗin ya biya. Wani amfaninsa da ba a cika faɗi ba shi ne, idan 'yan baya biyu suka shagala da shi, Saka zai huta da mutum uku da ake jibga masa a gefen dama. Havertz ma bai tafi ba. Samun su biyu shi ne abin da muka rasa bara.

A cikin sababbin, wa ya fi burge ka?

Zubimendi, kuma ban yi jinkirin faɗa ba. Shi ne ya canji Rodri a hutun rabin lokaci a wasan ƙarshe na kofin nahiyar Turai na 2024, Sifaniya ta doke Ingila 2-1 ba a ji rashin Rodri ba. A bazarar shekarar Liverpool ta nemi shi, ya ƙi barin garinsu. Irin ɗan wasan da ba a ganin aikinsa ne sai ranar da ba ya nan: ya karɓi ƙwallo daga hannun 'yan baya ana matsa masa, ya juya, ya miƙa ta gaba da taɓawa ɗaya ko biyu. Zuwansa zai saki Declan Rice ya riƙa hawa gaba, inda ya fi ɓarna.

Shi ya gaji gurbin Thomas Partey. Na san da yawa a nan suna son Partey saboda ɗan Afirka ne kuma ya yi kaka mai kyau bara. Ya koma Villarreal. Akwai tuhuma mai nauyi a kansa a gaban kotu a Landan, ya musanta, kuma maganar da ke gaban alƙali ba ta majalisa ba ce.

Me za a yi da Madueke alhali ga Saka?

Wannan tambayar ta zo da fushi. Har a Ingila wasu magoya baya sun rattaba hannu a intanet suna cewa ba sa son sa, tun yaron bai sa riga ba. Abin bai yi mini daɗi ba. Shekararsa 23, iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma yana buga wa Ingila. Wata uku muka yi babu Saka bara, kowa ya ga yadda gefen dama ya mutu. Saka ya ji ciwo ne saboda shekara da shekaru ana ɗora masa kowane wasa babu hutu. Madueke yana iya buga dama, yana iya buga hagu, yana da gudu kuma ba ya tsoron tunkarar mai tsaron baya. Rauninsa a bayyane yake: yana kai ƙwallo bakin raga ya rasa yadda zai ƙarasa. Kuɗin ya yi yawa, na yarda. Amma buƙatar gaskiya ce.

Yaya wasannin share fage suka kasance?

Biyar aka buga. A Singafo mun ci AC Milan 1-0, Saka ya ci, sannan muka doke Newcastle 3-2. A Hong Kong ranar 31 ga Yuli Tottenham ta ci mu 1-0, Pape Matar Sarr ya hango mai tsaron ragarmu Raya ya fito ya ɗaga masa ƙwallo daga wajen tsakiyar fili. Karon farko ke nan da ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wajen Birtaniya. Da aka dawo Emirates, Villarreal ta ci mu 3-2, har tsohon ɗan wasanmu Nicolas Pepe ya zura ɗaya. Na ƙarshe ranar 9 ga Agusta muka yi wa Athletic Bilbao 3-0: Gyokeres da ka daga ƙwallon da Zubimendi ya ɗago masa, sai Saka, sai Havertz.

Sakamakon wasan sada zumunta ba ya shiga littafina da jan biro. Abin da na lura da shi shi ne a wasan Bilbao ƙwallo tana saurin zuwa gaba, ba a tsaya ana juya ta a baya ba. A wasan Villarreal kuma sau da dama an kama mu da gudu bayan mun hau gaba. Wannan na biyun ya fi tsaya mini a rai.

Kawu, wane yaro ne wannan Dowman da ake ta magana?

Max Dowman, shekararsa 15, ɗan makarantar horar da yara ta Arsenal da ke Hale End. Ya shigo a wasan Newcastle ya riƙa yanka manya har aka kayar da shi aka ba da fenareti, Odegaard ya ci. Ya sake jawo wani fenaretin a wasan Villarreal. Daga makarantar nan Saka ya fito, da Myles Lewis-Skelly, da Ethan Nwaneri wanda ya kafa tarihin mafi ƙarancin shekaru a Firimiya a Satumban 2022, yana da shekara 15 da kwana 181. Lewis-Skelly da Nwaneri duk sun sabunta kwantiragi a wannan hutun. Yaron yana da baiwa, amma ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Ina fatan a riƙa ɗanɗana masa kaɗan-kaɗan.

Idan bana ma babu kofi, Arteta ya tafi?

Na daɗe ina kare mutumin nan a majalisa. Ya tarar da ƙungiya a wargaje, ya fitar da manyan da suka fi ƙarfin koci, har da Ozil da Aubameyang wanda ya ci masa kofin FA, ya gina sabuwa da yara. A kaka biyun da suka wuce babu ƙungiyar da aka zura wa ƙwallo kaɗan kamar Arsenal, 29 sannan 34, kuma David Raya ya karɓi kyautar safar zinariya sau biyu, ta biyun tare da Matz Sels na Forest. Bugun kwana, wanda a da ba ma tsammanin komai daga gare shi, ya zama makami a hannun mataimakinsa Nicolas Jover.

Amma shekara biyar ke nan babu babban kofi. Bara Newcastle ta fitar da mu a daf da na ƙarshe na kofin Carabao, 2-0 gida 2-0 waje, United kuma ta fitar da mu a zagayen farko da muka buga na kofin FA, da bugun fenareti, alhali su goma ne a fili. A 2023 an ce yara ne, kuma Saliba ya ji ciwo, shi ya sa muka yi kwana 248 a saman teburi muka sauko. A 2024 an ce City ce, ta ci mu da maki biyu. A 2025 an ce jinya. Duk uzurorin nan na karɓe su, don gaskiya ne. Bana an ba shi ɗan wasan gaba, an ba shi benci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan Mayu ta zo hannu wayam, ba zan ce a kore shi da wulaƙanci ba, amma ba zan ƙara tsayawa ina kare shi ba.

Gasar Zakarun Turai fa? Akwai rabo?

Daren 8 ga Afrilu ba zai fita daga raina ba. Gidan kallon da nake zuwa ya cika har waje, 'yan Madrid sun kama benci na gaba. Rice, wanda bai taɓa cin bugun tazara kai tsaye ba a rayuwarsa ta ƙwallo, ya ci biyu cikin minti goma sha biyu, Merino ya ƙara ta uku. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce dama sunan yaron shinkafa ne, dole ya yi albarka a Kabi. Muka je Bernabeu muka ƙara musu 2-1. Sai PSG ta tare mu a daf da na ƙarshe, 1-0 a Landan, 2-1 a Faris, mai tsaron ragarta Donnarumma ya hana ƙwallayen da ba a hanawa. Ita ce ta je ta yi wa Inter 5-0 a wasan ƙarshe.

Kofin nan Arsenal ta maza ba ta taɓa ɗauka ba. Sau ɗaya muka je wasan ƙarshe, a 2006 da Barcelona, aka kori mai tsaron ragarmu Lehmann da wuri, Campbell ya ci mana, Eto'o da Belletti suka juya wasan. Ƙungiyar mata kuwa ta ɗauke shi a Mayun bana a Lisbon, ta ci Barcelona 1-0. Za a raba jadawalin bana a ƙarshen Agusta, a fara a tsakiyar Satumba, ƙungiya 36, kowace wasa takwas, takwas na sama su wuce kai tsaye. Bara na uku muka zo a wannan matakin. Wasan ƙarshe a Budapest ne. Daga kwata fainal a 2024 zuwa daf da na ƙarshe a 2025, rabo kam akwai.

Kai yaro, me ya haɗa ku da ƙungiyar Turawa, kuna barin na gida?

Baba Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, tambayarka tana kan hanya. Yawancin sa'o'ina Nwankwo Kanu ne ya ja mu. Mun gan shi ya ci wa Najeriya zinariya a Atlanta a 1996, aka yi masa aikin zuciya, aka ce ya gama ƙwallo, sai ga shi a Arsenal a 1999. A Oktoban shekarar Chelsea na cin mu 2-0 a gidanta, ya zura uku cikin minti 15 na ƙarshe, ta ukun daga kusan layin kwana. Yana cikin tawagar da ta gama kakar 2003/04 ba a doke ta ba, nasara 26, canjaras 12. Wannan ne kofin Firimiya na ƙarshe da muka gani. Yaron da aka haifa a shekarar yanzu ya isa aure.

Amma maganarka ta gida gaskiya ce, kuma tana damuna. Kebbi ba ta da ƙungiya a babbar gasar Najeriya. Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau huɗu, Ahmed Musa ya dawo gida yana buga mata, filin Sani Abacha yana cika. Mu kuwa ga filin Haliru Abdu, ga yara masu ƙafa a kowace unguwa daga Zuru har Kamba, suna buga ƙwallo a kan yashi babu takalmi. Abin da ya sa Arsenal ta samu Saka shi ne wani ya ɗauke shi yana ɗan shekara bakwai ya rene shi. Da kowane ɗayanmu da ke biyan kuɗin gidan kallo zai je ya kalli wasan unguwa sau ɗaya a wata, ya saya wa yara ƙwallo ɗaya, da an fara wani abu.

Gaskiya ne Ɗangote zai sayi Arsenal?

Ya sha faɗa a baya cewa yana so, don shi ma magoyin baya ne. Amma a 2024 ya bayyana cewa lokacin ya wuce, kuɗinsa ya tafi ga matatar mai ta Legas, farashin ƙungiyar kuma ya yi sama. Arsenal tana hannun Ba'amurke Stan Kroenke, wanda ya mallake ta gaba ɗaya tun 2018, ɗansa Josh ne ke kula da ita.

Kofin Afirka zai rage mana 'yan wasa?

A'a. Za a buga shi a Maroko daga 21 ga Disamba zuwa 18 ga Janairu, tsakiyar lokacin da wasannin Firimiya suka fi cunkushewa, kuma a manyan 'yan wasanmu na yanzu babu mai buga wa wata ƙasar Afirka. Liverpool za ta rasa Salah. United za ta rasa Mbeumo da Amad da Mazraoui. Wata guda ne da ya kamata mu tara maki a cikinsa, idan Allah ya tsare mu daga jinya.

Gorin 'yan Chelsea da 'yan Tottenham ya ishe mu. Me za mu ce musu?

Ku ce musu sun yi ƙoƙari, don sun yi. Chelsea ta ɗauki kofin Conference, ta kuma doke PSG 3-0 a wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙungiyoyi a Amurka. Tottenham ta ƙare ta 17 a teburi amma ta ɗauki Europa. Newcastle da Palace ma kowace ta ɗaga kofi. Mu ba mu ɗaga komai ba. Mai kofi yana da bakin magana, a bar shi ya yi.

Abin da ba zan lamunta ba shi ne gori ya zama gaba. Bara a wani gidan kallo na ga samari biyu 'yan unguwa ɗaya, waɗanda tare suka yi makarantar allo, sun kai ga dambe a kan fenareti, har aka fasa wa ɗaya baki. Saka da Palmer da ake faɗan dominsu tare suke cin abinci a sansanin Ingila. Na kuma san wani ƙanen abokina da ya zuba kuɗin takin gonarsa a cacar ƙwallo ta waya daren wasan PSG, yana cewa ai Arsenal ba za ta ba shi kunya ba. Daminar nan rabin gonar ce kawai ta samu taki. Son ƙungiya daban, caca daban, kuma mun san hukuncinta a addini. Duk wanda ya ga ƙaninsa ya fara, ya kama hannunsa tun da wuri.

Yaushe za a fara, kuma ƙarfe nawa a agogonmu?

Ranar Lahadi 17 ga Agusta, a Old Trafford, da Manchester United, ƙarfe 4:30 na yamma. A wannan lokacin agogon Ingila da namu ɗaya ne. Sai ranar 26 ga Oktoba za su mayar da nasu baya da awa ɗaya, daga nan wasan ƙarfe uku nasu ya zama ƙarfe huɗu namu, na Zakarun Turai kuma ya koma ƙarfe tara na dare.

Farkon jadawalin ba sauƙi. Bayan United sai Leeds a gida ranar Asabar 23 ga wata, sai Liverpool a Anfield ranar 31. Bayan hutun wasannin ƙasashe akwai Forest da City a Emirates, sannan Newcastle a gidanta, inda muka sha wuya a shekarun nan. United ta ƙare ta 15 bara, amma ta sayo Cunha da Mbeumo da Sesko, kuma wasan farko a gaban magoya bayanta ba abin rainawa ba ne. Liverpool ta ƙaro Wirtz da Ekitike da Frimpong da Kerkez, tana kuma ɗauke da jimamin rasuwar Diogo Jota a hatsarin mota a Yuli. Kafin Satumba ta ƙare za mu san ko bencin nan da aka kashe wa kuɗi ya amsa sunansa.

Wasan United ana idar da La'asar za a take shi, don haka a yi salla kafin a shiga. Na Leeds ƙarfe 5:30 ne, Magariba za ta riske mu a zagaye na biyu, ina roƙon masu gidajen kallo su tanadi buta da tabarma a waje kamar yadda wasu suka saba. Marka ce kuma, hadari na haɗuwa hoto zai ɗauke, don haka mai rediyo ko data a waya ya zo da ita. Masu gidan kallo su sayi man janareta tun ranar Asabar. Wanda ke son bencin gaba kusa da fanka, ya zo tun ƙarfe uku da rabi, don 'yan United ma da yawa suke a garin nan kuma suna da sammako.